Wai Wa Aka Ajiye Wa Muryoyin Magabata?

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu marubuta da malaman makaranta: yadda ake kulle muryoyin magabata a ɗakunan ajiya, sai ka ce kayan gadon da ake jiran alƙali ya raba.

Tun 1962 da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna ake ɗaukar waƙoƙin makaɗa da hirar dattawa da wasannin kwaikwayo. Jami'o'i ma sun tara nasu. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Abin da ya rage mana na bakinsu yana kan faifai da kaset. Amma idan ɗalibi ya shiga laburare ya ce zai saurara, sai a ce mai makulli ba ya nan, ko rikoda ta lalace, ko ya kawo takarda daga sama. Alhali littafi kuwa miƙa masa ake yi nan take.

Hujjarsu ita ce yawan sakawa na cinye kaset. To, ajiyar fa? Zafi da laima da ƙura na cin zaren kaset ko ba a taɓa shi ba: ya yi fumfuna, ya manne. Na'urorin kunnawar ma ƙarewa suke yi. A 2016 kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar bidiyon kaset, shi ne kuwa na ƙarshe. A 2019 UNESCO ta yi gargaɗi kan haka. Babban laburaren Birtaniya tun 2017 ya shiga juye dubban ɗaruruwan muryoyi zuwa kwamfuta. Mu me muke jira?

Wasu kuma cewa suke ai waƙoƙin na yawo a wayoyi. Guntaye ne, ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan 'yan amshi. Da wannan za a rubuta tarihi? Da shi matashin marubuci zai koyi sarrafa harshe da jifan karin magana?

Don haka muna kira ga hukumomin laburare da abu uku. A fitar da jerin abin da ke hannunsu, kowa ya gani. A juye shi zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A ware ɗakin sauraro da kallo, wanda ɗan sakandare zai shiga da katinsa kawai, tare da kiyaye haƙƙin magada. Mu kuma 'yan ƙungiya, kowane reshe ya tura wakilai laburaren jiharsa, ya kawo mana rahoto a fitowa ta gaba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa masu abin su ji.