Daga Alpha Jet zuwa Boeing: me ke jiran matuƙin soja idan ya tuɓe kaki?

A Maiduguri, titin tashi ɗaya jiragen yaƙi da na fasinja ke amfani da shi. Matuƙin Alpha Jet da ke shirin tashi zuwa Sambisa a ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai yana kallon jirgin Abuja yana sauke fasinjoji. Da yawa daga cikin matuƙan nan can suke fatan komawa in sun bar aikin soja, sai dai hanyar ba gajeriya ba ce.

Hukumar NCAA mai bayar da lasisin tuƙin jiragen farar hula ba ta duba tauraron kafaɗa. Jarrabawa da sa'o'i take dubawa. A ƙa'idar ICAO, sai mutum ya cika sa'a 1,500 a sama kafin ya samu lasisin da ke ba shi damar zama kyaftin. Fitar jirgin yaƙi kuwa gajeriya ce, don haka wanda ya sha tsallake rijiya da baya a gaɓar Tafkin Chadi yana iya zama a bayan takwaransa mai tuƙa C-130. Sannan kowane samfurin jirgi da horonsa, wanda galibi a ƙetare ake yi, da dala, ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023.

Akwai kuma batun hali. Babban hafsa na iya tsintar kansa a kujerar dama, ƙarƙashin kyaftin da ya girme wa nesa ba kusa ba. Ba kowa ke iya haɗiye wannan ba.

Amurka ta sassauta tun 2013: matuƙin soja na samun taƙaitaccen lasisi da sa'a 750. In Najeriya ta kwafi wannan ido rufe, rundunar da ta karɓi Super Tucano 12 a 2021 za ta horar, kamfanoni su kwashe, alhali yaƙi bai ƙare ba. Toshe hanyar ma ba ya tsayar da wanda ya ƙudurta tafiya.

A ganina, yarjejeniya ce mafita: shekarun hidima ƙayyadaddu, sannan gwamnati ta ɗauki nauyin sauya lasisi a kwalejin NCAT ta Zariya, wadda ke horar da matuƙa tun shekarun 1960. Wannan na buƙatar Ma'aikatar Tsaro da ta Sufurin Jiragen Sama su zauna teburi ɗaya, kuma su fara daidaitawa kan kasafin da kuɗin zai fito.