Gidajen da Zamfara ke ginawa ba su san zafin Afrilu ba

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya bi ta Gusau zuwa Bungudu, ko ya ratse ya nufi Rawayya, abu ɗaya zai riƙa gani a bakin kowane gari: bulo a jere, tarin yashi, rodi a tsaye yana jiran mai gida ya samo kuɗin rufi. Tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba 1996 Gusau ke faɗaɗa, sannan rashin tsaron shekarun nan ya ingizo mutanen karkara cikin garuruwa. Haya ta yi tsada, kowa ya samu fuloti sai ya yi gaggawar rufa wa iyalinsa asiri. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Abin da ya dame mu shi ne irin gidan da ake zuba wannan gumi a kansa.

Fasalin kusan ɗaya ne ko'ina. Bango na bulo ɗan inci shida, kwano a sama, silin da dogon mutum zai taɓa da hannu, taga ƙarama guda ɗaya tana kallon katangar maƙwabci. An cinye filin da ɗakuna har bakin iyaka, ɗan abin da ya rage na tsakar gida an shafe shi da siminti, dogonyaron da aka tarar a wurin kuma tun ranar awo aka sare shi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40, kwano ya yini yana gasa ɗakin, siminti ya sha rana, da dare kuma ya riƙa amayar da ita. A da sai a ɗauko tabarma a fito waje. Yanzu a unguwannin bakin gari mutane da dama ba sa yarda su kwana a fili, sai a rufe ƙofa da taga a haƙura. Fanka tana jiran wutar kamfanin Kaduna, janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya fi ƙarfin talaka. Kada kuma a manta da sanƙarau na 2017, wanda Zamfara ta fi kowace jiha shan wuyarsa. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana cikin abin da ke taimaka wa cutar yaɗuwa.

Maginan da suka gabata sun san wannan rana, kuma da ita suka yi lissafi. Bangon tubali mai kauri yana riƙe zafin yini, ba ya barinsa ya shiga ɗaki sai dare ya fara sanyi. Soro mai tsawo, wanda aka ɗaure da azara, yana ba iska mai zafi wurin hawa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ce ke kare bango daga ruwa, indararo kuma ya jefa ruwan rufi nesa da gindin gini. Zaure ya raba baƙo da iyali ba tare da an toshe gida ba, tsakar gida mai itace ta zama ɗakin kowa. Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma har yau ɗaliban zanen gini na zuwa kallonsa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mutane ba su guji ginin ƙasa don wauta ba. Yaɓen kowace shekara wahala ne da kashe kuɗi. Giginyar da ake yin azara da ita ma ta yi ƙaranci. Ruwan Agusta idan ya kwanta a gindin bango, rushewa ce, kamar yadda aka gani a ambaliyar Gummi ta 2024. Ga kuma maganar mutane: a yau idan aka ce wane gidan ƙasa gare shi, an gama faɗin matsayinsa, har a wajen neman aure.

Amma waɗannan matsaloli an daɗe da samo musu magani, kuma a maƙwabta aka gwada. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje na Niamey 2000 a 2016, da bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti. Gidaje ne masu bene, na ma'aikatan birni, ba bukkoki ba. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka gama sabon masallaci a Dandaji cikin jihar Tawa da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Burkina Faso, makarantar ƙasa da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, mai rufin kwano da aka ɗaga sama don iska ta ratsa tsakaninsa da silin, ita ce mafarin aikin da ya kai shi ga lambar Pritzker a 2022. Kwanon ba shi ne abokin gaba ba, yadda ake ɗora shi ne. A nan gida ma, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injin matse bulon ƙasa. Nawa ne daga cikinsu ke aiki a Bungudu ko Tsafe?

Lissafin aljihu ma yana goyon bayan bulon ƙasa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni a Fabrairu aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Jar ƙasa kuwa tana ƙarƙashin ƙafarmu, dutsen harsashi kuma ba zai gagara ba a ƙasar Kwatarkwashi. Sharaɗi ɗaya ne Zamfara ba za ta yi wasa da shi ba: bayan gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, duk ƙasar da za a ɗiba kusa da wurin haƙo ko niƙan zinari sai an gwada ta.

Magidanci ba zai yi gwaji da kuɗin da ya tara shekara goma ba, don haka gwamnati ce za ta fara. Cikin ayyukan sabunta birane da gwamnatin Dauda Lawal ke yi, a ware ajujuwa da ɗakin shan magani da gidajen malamai a gari kamar Rawayya, a gina su da matsattsen bulon ƙasa bisa harsashin dutse, da baranda da rufi mai fiffike. Idan jama'a suka shiga da azahar a watan Afrilu suka ji bambanci, ba sai an yi shela a rediyo ba. Hukumar tsara birane ta jiha ta daina tsayawa kan kuɗin takarda kawai. Kafin ta sa hannu ta duba ko kowane ɗaki na da tagogi biyu masu fuskantar juna, ko an bar fili don itace, da inda ruwan sama zai bi. Kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaura Namoda da Talata Mafara kuma su nemo tsofaffin magina tun suna raye, su haɗa su da ɗalibai da birkiloli.

Mai fuloti kuma, ko da bulon siminti zai yi, ya ɗaga silin, ya faɗaɗa taga, ya bar itacen da ya tarar. Wannan bai kai kuɗin janareta ɗaya ba, kuma ba sai ya jira gwamnati ba.