KAFIN KA GOGE SUNAN DA KAKA TA SA MAKA

Duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawar WAEC ya zo, abu guda nakan gani a ofishin malamai. Ɗalibi ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam, don Allah a cire mini sunan nan na tsakiya." In ka duba takarda sai ka tarar Nomau ne, ko Cindo, ko Barau. In yarinya ce, Ajuji ko Kande. Dalili kuwa ɗaya ne kullum: wai sunan ƙauye ne, 'yan aji suna dariya. Wanda ake so a sa a gurbinsa sau da yawa a fim aka ji shi, mai shi ma bai san ma'anarsa ba.

Ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu na ikilisiya da za ku karanta wannan mujalla, ni a ganina wannan gogewa asara ce, kuma zan faɗi dalilina.

Mu fara da inda muke zaune. Garin Talata Mafara sunan rana yake ɗauke da shi, ranar da kasuwarsa take ci, kuma ban taɓa jin wanda ya ji kunyar faɗinsa ba. To me ya sa Talatu za ta ji kunya, ko Ɗanladi, ko Asabe? Ba mu kaɗai muke yin haka ba. Mutanen Akan na ƙasar Ghana sukan kira namijin da aka haifa ran Juma'a Kofi, na ran Asabar kuma Kwame. Ke nan Kofi Annan, wanda ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Ɗanjuma ne kawai. Kwame Nkrumah kuma Ɗan'asabe. Da sunayen nan suka zauna da manyan duniya, ba su nemi a goge ba.

Sunayenmu na gida littafin tarihi ne na mutanen da ba su da takardar haihuwa. Nomau ya zo duniya ana tsakiyar noma. Anaruwa ana ruwan sama. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Gambo yana bin tagwaye, kamar yadda Yarabawa suke kiran mai bin Taiwo da Kehinde da suna Idowu. Ni kaina Tanko ake kirana a gida, domin mata uku ne a gabana, kuma duk wanda ya ji sunan ya san haka ba sai na yi masa bayani ba.

Amma waɗanda suka fi damuna su ne sunayen da aka fi yi wa dariya. Barau ba shi da haɗi da ɓarawo, ko da yake 'yan aji ɗaya ba sa gajiya da wannan tsokana. Daga "bari" ya fito, wato roƙo ne a bar wannan ya rayu. Matar da ta haifi uku ko huɗu duk suka koma, wadda Hausawa suke cewa tana wabi, ita ce takan sa wa na gaba Barau, ko Barmani, ko Ayashe, ko Ajuji. Ta kira jaririnta abin zubarwa a juji, ba don ba ta so ba, sai don tana tsoron in ta nuna so a sake ɗauke mata. Ku tsaya ku yi tunanin zuciyar wannan mata. Yarinyar da ta zo ofis tana son a goge Ajuji ita ce wadda ta rayu, har ta kai aji shida.

Wannan kuka na uwa ba na Bahaushiya kaɗai ba ne. Bayarabiya takan sa Malomo, wato kada ka sake tafiya, ko Kokumo, wannan ba zai mutu ba kuma. Ibo suna da Ozoemena, kada hakan ya sake faruwa, da Onwubiko, wanda roƙon mutuwa ne ta yi haƙuri. Can nesa a ƙasar Mongoliya akwai masu suna Nergui, ma'anarsa "ba suna", domin in mugun abu ya zo nema ya rasa wanda zai kira.

Na san abin da wasu dattawan ikilisiya za su ce, domin sun sha faɗa mini: ai wannan camfi ne, na zamanin jahiliyya. Gaskiya ne ba suna ne yake tsare yaro ba, kuma ba na cewa uwa ta bar rigakafi da asibiti ta dogara ga juji. Amma mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu gani. Ishaku dariya ne, saboda dariyar da iyayensa suka yi. Rahila tana bakin mutuwa ta sa wa ɗanta Ben-oni, ɗan baƙin cikinta, kafin Yakubu ya mai da shi Biliyaminu. Mahaifiyar Yabez ta sa masa wannan suna ne saboda wahalar da ta sha wajen haihuwarsa, kuma Littafin Tarihi na Fari ya ce ya fi 'yan'uwansa daraja. Ibraniyawa ma da abin da ya faru ranar haihuwa suke raɗa suna, kamar kakanninmu. Kiristocin Arewa kuma sun daɗe suna sa Godiya, da Alheri, da Murna, da Dogara. Yakubu Dogara da sunansa na Hausa ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019.

Su kuma sunayen Turawa da ake gudu zuwa gare su, a binciki asalinsu. Cecilia daga kalmar Latin ta makaho ya fito, Claudia daga ta gurgu. Bulus ma'anarsa ƙarami. Ban ce a daina sa su ba, sunaye ne masu kyau. Sai dai Cindo mai yatsu shida bai fi Claudia abin dariya ba; bambancin kawai shi ne ɗaya muna jin yarensa.

Akwai kuma wahala ta zahiri. Wanda ya canja suna a aji shida zai tarar takardar firamare tana faɗin abu ɗaya, lambar NIN wani, sakamakon WAEC wani. JAMB kuwa ba ta rajista sai da NIN. Daga nan sai zirga-zirgar kotu don takardar rantsuwa, da kuɗin mota da iyaye ba su da shi.

A 'yan shekarun nan iyalai da dama daga ƙauyukan Maradun da Bakura sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga. Wasu ɗalibanmu ba su san ranar da za su sake ganin gonar da aka haife su ana nomanta ba, kuma kakannin da suka san labarin suna ƙarewa.

Saboda haka daga bana, duk wanda ya zo mini a goge masa suna, zan fara ba shi aikin hutu: ya je ya tambayi kaka ko gwaggo wa ya sa sunan, kuma me ya faru a gidan a wannan shekara, ya rubuto mini shafi ɗaya da Hausa. In ya kawo, kuma har yanzu yana so a goge, sai ya zo da mahaifinsa mu cika takarda.