A Dawo Mana Da Majigi, Amma Na Zanen Yaranmu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan tireda ne a Janfalan, kuma ina cajin waya a gefe. Kullum da yamma sai ka ga yara goma sun haɗa kai a kan waya ɗaya a ƙofar shagona suna kallon katun, wato fim ɗin zane mai motsi. Ba su jin harshen da ake yi a ciki, amma sun haddace sunan kowane ɓera da kowace kyanwa. Ran nan na tambayi wani a cikinsu sunan matar Gizo, sai ya yi zuru yana kallona. Yaron da aka haifa a ƙasar Zazzau bai san Ƙoƙi ba! To Malam Edita, laifin wa? Ni dai ban ga laifin yaro ba, abin da aka zuba masa a akushi shi zai ci.

Dattawanmu suna tuna zamanin majigi. Tun mulkin Turawa har bayan samun 'yancin kai a 1960, motar gwamnati kan shigo ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, mai lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. A nan mutane da yawa suka fara jin batun rigakafi da tsabtar rijiya, kuma har yau akwai masu ba da labarin fim ɗin Baban Larai mai koyar da noma. Abin da nake kira a yi shi ne a dawo da wannan tsari, amma a mai da shi bikin nuna gajerun fina-finan zane na matasanmu masu zaman kansu, ya riƙa yawo gari-gari bayan kaka: yau Ikara, gobe Janfalan, jibi Makarfi, gata Hunkuyi da Kudan.

Kada wani ya ce wannan sana'ar Turawa ce kawai. Wani ɗan ƙanena mai karatu a Zariya ya nuna mani aikin marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyarmu, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma yi zama mai tsawo a garin Tawa. Tun 1966 ya zana fim mai suna Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da busa. Fim ne na 'yan mintoci, amma duk wanda ya taɓa tsayuwa cikin rana yana jiran babban baƙo zai gane inda aka dosa. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya. In mutum ɗaya ya yi haka da hannunsa shekara kusan 60 da suka wuce, me zai gagari yaranmu masu kwamfuta? Ga Abuja nan, Adamu Waziri ya yi Bino and Fino domin yaran Afirka. Ga kuma sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da mu.

Sai dai aikin ba wasa ba ne. Yawanci akan yi zane 12 kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya. Ke nan fim na minti 5 zai ci zane 3,600. Yaron da ya sha wannan wahala, in ba shi da inda zai nuna, kuma ba mai ba shi ko sisi, dole ya watsar ya kama acaba. Biki mai yawo shi ne kasuwarsa. A zaɓi fim shida ko bakwai, a nuna, jama'a su ɗaga hannu su zaɓi gwani, a ba shi kyauta.

Kayan aikin ma ba su kai na da nauyi ba. Ƙaramar na'urar haska hoto, lasifika, batirin sola da farin ƙyalle, duk a-kori-kura ɗaya za ta kwashe su. Mu 'yan kasuwa ma za mu ci moriya, domin duk inda aka taru mai shayi da mai tsire da mai rake ba su kwana da kaya.

Na san akwai masu cewa taron dare yana kawo lalacewar tarbiyya, ga kuma halin tsaro. Maganarsu abin dubawa ce. Shi ya sa nake ganin a fara nuna wa dagaci da liman kowane fim kafin a haska, a yi a filin firamare bayan sallar isha'i, a tashi kafin ƙarfe goma, 'yan sintiri na nan. Mata kuma a ware masu ranarsu a cikin aji da rana. Hana kallo dai ya riga ya gagara, tunda waya na cikin aljihun kowa. Gara mu san abin da yaro ke kallo muna zaune tare da shi.

Gargaɗi ɗaya: kada a mai da abin tallar 'yan siyasa ko wa'azin gwamnati zalla. A ba mu Gizo da Ƙoƙi, a ba mu Kura da Dila, a sa mu dariya. In za a saka batun maganin feshi ko sa yara makaranta, a saka shi cikin labari.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, da hakimanmu, da masu hannu da shuni, su haɗa kai a gwada ko da sau ɗaya ne a ranin nan. Ni dai na yi alkawarin ba da benci da cajin batir kyauta ranar da aka zo Janfalan. Allah ya sa mu dace, amin.

Naka,
Wani mai tireda,
Janfalan, Ƙaramar Hukumar Ikara,
Jihar Kaduna.