Ina Ruwan Marubuci Da Ruwa?



Kwanan baya wata 'yar uwa ta turo min littafinta in duba mata kafin ta fara sakinsa a WhatsApp. Ba zan kama suna ba, domin ba ita kaɗai ba ce, wannan ne na uku da na ci karo da irinsa a bana. A babi na 40 ango ya ɗauki amarya sun tafi Zanzibar cin amarci. Suka goya tukunyar iska, suka nutsa ƙasan teku su biyu rak, babu mai koyarwa babu ɗan rakiya. Ya ɓallo mata reshen murjani, suka taso sama a guje suna dariya, da magariba kuma suka hau jirgi sai Dubai. Na ce mata, Hajiya, a shafi ɗaya kin kashe dabba, kin kuma kusa kashe amarya har sau biyu.

Murjani ba dutse ba ne, ba kuma fure ba ne. Ƙananan halittu ne masu rai, dubbai a haɗe, suna gina gidansu a hankali, wani nau'in a shekara guda bai fi santimita ɗaya ko biyu yake ƙaruwa ba. A cikinsa ƙananan kifaye ke fakewa. Shi ya sa a wuraren nutso irin tsibirin Mnemba da ke gefen Zanzibar ake gargaɗin baƙo kada ya taɓa, balle ya ɓalla. Shi kuma mai shaƙar iskar tukunya a ƙasan ruwa, sinadarin naitirojin na taruwa a jikinsa. In ya taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jini, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Saboda wannan dalilin ne ake hana shi hawa jirgin sama sai ya huta awa 12 zuwa 18 aƙalla, wasu ma su ce yini da kwana. Bincike na minti goma da data ta naira ɗari ya isa ya sanar da ita wannan.

Na san za ku ce ina ruwan ɗan Nariya da teku, wanda ko Legas bai taɓa zuwa ba. Gaskiya ne. Amma wannan ganganci da muke yi wa ruwan nesa shi muke yi wa na gida, kuma a nan ne yake cin rai.

Madatsar Tiga ga ta nan a bayan Rano. An gina ta zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Duk Sallah samarinmu na tururuwa can yawon buɗe ido. To ku faɗa min, a littattafanmu nawa aka rubuta ruwa irin wannan yadda yake? Da zarar jarumi ya nutse, sai marubuci ya ce 'yan ruwa ne suka ja shi, ko kishiyar uwa ce ta yi masa asiri. An gama. Babu wanda zai rubuta cewa ruwan dam sama ɗumi ne ƙasa sanyi ƙalau, mai ɗaure jijiya. Babu mai ambaton kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye, ko tsohuwar komar da ke kama ƙafa. Sannan kullum mai nutsewa a labarinmu ihu yake yana "ku taimake ni!" Alhali sau da yawa shiru yake yi, bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin ihu.

Wani yaron unguwarmu haka ya tafi, abokansa na tsaye suna zaton wasa yake. Wanda ya faɗa ceto kuwa da ƙyar aka fito da shi, domin mai nutsewa ƙanƙame mutum yake. Jarka babu komai a ciki, ko igiya, ko doguwar gora da aka miƙa daga gaɓa, ta fi jarumtar da muke rubutawa amfani. Ni dai ban taɓa karanta wannan a littafin soyayya ba, kuma yaran nan littattafanmu suke karantawa, ba takardun faɗakarwa ba.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibi yara. Lodi ne ya yi yawa. Mun yi ta'aziyya a wannan zauren, mun rubuta waƙoƙin juyayi, amma har yau jaruman littattafanmu na shiga jirgin ruwa babu rigar kariya, wai kada ta ɓata kwalliya.

Halittun ruwan ma ba mu kula su. Akwai masu zuba guba irin Gamalin 20 a ruwa su kwashi kifi, babba da ɗan tsako, mu saya mu ci. Akwai masu mayar da gidan sauro koma, su tsane har 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Alhali kakanninmu sun san doka: a Argungu, kogin Matan Fada hana su ake yi a cikinsa sai lokacin biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun girman da ake nunawa duniya. Ga rigima, ga kwaɗayi, ga talaucin da ke tura masunci yin abin da ya san ɓarna ne. Wannan bai isa jigo ba, sai mun ara teku?

Ban hana kowa kai amaryarsa Zanzibar ba. Ku kai ta, amma ku haɗa ta da mai koyarwa, ta taso a hankali, ta bar murjani inda ta gan shi. 'Yar uwar tamu na ba ta shawara ta je bakin Tiga ta zauna da masunta ko na yini ɗaya. Ta ce za ta ɗage tafiyar Dubai zuwa washegari. Murjanin kuwa ta ce ba za ta cire ba sai na samo wa ango wata kyautar, don haka mai shawara ya ajiye mana a ƙasa.