Tanon maganin fara ba randa ba ne

Sanin kowa ne manomin Sahel ba ya da magabci kamar fara. Shi ya sa aka yi shekara da shekaru ana yaƙinta da wani magani mai suna diyeldirin, har cikin shekarun 1980. An so shi don daɗewarsa: in aka fesa shi bisa ciyawa sai ya yi makonni yana kashe ƴaƴan fara. To, wannan daɗewa ita ce aibinsa. Ruwa ba ya narkar da shi, yakan yi shekaru kwance cikin ƙasa. In ya shiga jikin dabba sai ya maƙale cikin kitse, ya bi ta nono da man shanu da nama ya iso ga mutum, har ya kai ga nonon uwa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya taɓa irin wannan dafi.

A shekarar 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar birnin Stockholm, ta fara aiki a 2004, Nijar kuma tana ciki. Abubuwa 12 aka fara lissaftawa, cikinsu har da diyeldirin, da DDT, da man PCB na tsofaffin taransifoman lantarki. An ƙara lindan a 2009, wanda masunta suka sani da sunan gamalin, wasu marasa tsoron Allah kan zuba shi a ruwa don kifi ya taso. Andosulfan na gonakin auduga ya biyo baya a 2011. DDT kuwa an bar masa ƙofa guda, ta yaƙi da sauro.

Sa hannu ba ya kwashe abin da ya riga ya zube. Tsohon magani da ke jibge a mangaza, tanonsa ya yi tsatsa, ƙasa yake tsiyayewa, ruwan rijiya kuwa daga ƙasa yake fitowa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne tano ko bido da maganinsa ya ƙare. Mai gida ya gan shi da kyau, ya ɗauraye, ya ba iyali su zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Rashi ne ke sa haka, ba wauta ba; amma ɗauraya ba ta mai da shi randa.

Ƙungiyar CILSS tana da kwamitin da ke tantance magungunan ƙwari, yana fitar da jerin waɗanda aka yarda da su. Jerin nan bai kamata ya tsaya a biro da Faransanci ba. A fassara shi, a karanta shi a rediyo da azuzuwan yaƙi da jahilci, ƴan duwan su riƙe shi a kan iyaka. Kwalbar da ba ta da takarda a jikinta, kada a bari ta shiga kasuwa. Wake ma ba sai an barbaɗa masa guba ba: buhun PICS mai ninki uku yana toshe iska, ƙwari su mutu da kansu.

Sauran aikin na ma'aikatan gona ne da masu gari: su ƙidaya tsofaffin tano da ke yankinsu, su huda wanda ba kome ciki don kada a sake amfani da shi, su sanar da hukuma inda mai magani yake, tun damina ba ta faɗi ba.