Cin Riba Ko Cin Iri: Muhawarar Masu Kuɗin Kirifto

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe lissafin shekara ya san tambayar da ke jiransa in riba ta fito: a raba ta a ci, ko a mayar da ita cikin jari? Wannan tsohuwar tambaya ce ta raba kawunan masu kuɗin kirifto a ƴan shekarun nan, kuma tun da matasanmu da ma'aikata da dama sun soma zuba ɗan abin da suka tara cikin waɗannan sulalla ta hanyar salula, ya dace mu san abin da ake jayayya a kansa.

Ga yadda abin yake. Kamfani ko ƙungiya takan fitar da sulallanta na intanet, jama'a su saya. In ta samu kuɗin shiga daga ladan da masu ciniki ke biya, sai ta ɗebi wani kaso ta sayo nata sulallan daga kasuwa. Wani lokaci ta ɓoye su, wani lokaci ta ƙone su, wato ta tura su wani adireshin da babu mai mabuɗinsa har abada. Hujjar ita ce, in kaya ya yi ƙaranci farashinsa zai tashi. Kamfanin Binance ya soma wannan tun 2017, da alkawarin rage sulallan BNB daga miliyan 200 zuwa miliyan 100. A 2025 abin ya zama yayi: Aave ta ware dala miliyan 1 kowane mako, Jupiter kuma ta ɗauki rabin ladan da take karɓa.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai nauyi, kuma adalci ne a faɗe ta. Wanda ya sayi sule ba shi da haƙƙin da mai hannun jari yake da shi a kamfani, babu rabon riba, babu kotun da za ta tilasta a ba shi kasonsa. Sayo sulalla daga kasuwa ita ce kusan hanya ɗaya da ribar ke isa gare shi. Bugu da ƙari, kuɗin da aka ce an ajiye domin bunƙasa aiki sau da yawa iska ke kwashe su. Rahoton baitulmalin Polkadot ya nuna an kashe kimanin dala miliyan 87 a watanni shidan farko na 2024, kusan miliyan 37 a talla da neman suna. Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda kuɗin raya ƙasa ke ƙarewa a tarurruka da kuɗin guzuri. Saboda haka mai sule yana da gaskiya in ya ce gara a ba shi nasa a hannu.

To amma tarihin wannan kasuwa, duk da ƙuruciyarsa, ya riga ya ba da darussa uku da bai kamata a manta ba.

Na farko shi ne na MakerDAO, ƙungiyar da ke ba da bashin kuɗin DAI ga wanda ya jinginar da Ether. A wancan lokacin, kuɗin ruwan da take samu tana ƙone sulallanta na MKR da shi. Ranar 12 ga Maris 2020, da firgicin annobar korona ya girgiza kasuwannin duniya, farashin Ether ya faɗi da kusan rabi, hanyar ciniki ta cushe, har wasu suka lashe gwanjon kayan jingina ba tare da biyan ko dala ba. Giɓin miliyoyin daloli ya buɗe, asusun ko-ta-kwana kuwa bai kai ya cike shi ba. Dole ƙungiyar ta buga sababbin MKR ta yi gwanjonsu, ta tara DAI sama da miliyan 5, a daidai lokacin da farashinsu ke ƙasa. Ta ƙone lokacin yalwa, ta buga lokacin tsanani. Manomin da ya sayar da hatsinsa da kaka ya dawo yana saye da bazara ya san irin wannan asara.

Na biyu shi ne na FTX. Wannan kamfani yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na ladan ciniki yana sayo sulallan FTT yana ƙonewa, farashi ya yi ta hawa, jama'a na tafi. Ashe tsadar FTT ita ce ginshiƙin da ɗan'uwansa Alameda ke jingina a kai yana cin bashi. Da asiri ya tonu a farkon Nuwamba 2022, Binance ta ce za ta sayar da nata FTT, farashin ya rufto daga kimanin dala 22 zuwa ƙasa da 5 cikin ƴan kwanaki. Ranar 11 ga watan kamfanin ya bayyana karayar arziki, kuma a Maris 2024 aka yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25. Ƙona sulalla bai shaida lafiyar kamfani ba, yakan ma zama lulluɓin da ke rufe ciwo.

Na uku shi ne na Jupiter. Duk da rabin ladan da ta zuba a 2025, farashin JUP ya rufe shekarar ƙasa sosai da inda ya buɗe ta. Ɗaya daga dalilan a fili yake: ana kwashe sulalla ta ƙofar gaba, sababbi na shigowa kasuwa ta ƙofar baya, na kyauta da na kason ma'aikata. Mai ɗiban ruwa daga rijiyar da ke ɓuɓɓuga ba zai ga ƙasanta ba.

Za a ce ga Hyperliquid, wadda ke zuba sama da kashi 90 cikin 100 na ladanta wajen sayo HYPE, kuma ta yi nasara. Gaskiya ne. Sai dai ma'aikatanta kaɗan ne, ba ta karɓi kuɗin manyan masu zuba jari ba, kuma ta fara gina kasuwar da mutane ke tururuwa cikinta kafin ta soma rabon. Cinikin ne ya haifi sayen sulallan. Wanda ya kwaikwayi rabon ya bar ginin, ya ɗauki inuwa ya bar itace.

Wannan cuta ba ta masu kirifto kaɗai ba ce. Kamfanonin jiragen saman Amurka sun shafe shekaru suna sayo hannayen jarinsu, da korona ta zo a 2020 sai suka miƙa ƙoƙon bara ga gwamnati, ta ba su dala biliyan 25 domin biyan albashi. Bambancin shi ne, mai sulen kirifto ba shi da gwamnatin da za ta cece shi.

A ra'ayinmu, akwai jerin da bai kamata a tsallake ba. Farko a cika asusun ko-ta-kwana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a biya masu gina aikin da masu binciken ɓarakar da ɓarayin intanet ke shiga ta ciki, tare da bayyana kowace dala a fili da nuna abin da ta haifar. Abin da ya saura shi ne riba, shi ne ya halatta a sayo sulalla da shi, kuma ya fi kyau a saya lokacin araha.

Ga mai karatu da ke shirin saka albashinsa ko jarinsa, kafin alkawarin ƙona sulalla ya ruɗe ka, ka nemi amsar tambayoyi uku. Kuɗin sayen daga ciniki na gaskiya suke fitowa, ko daga sayar da wasu sulallan? Nawa ake ƙonewa, nawa kuma ake sakowa a wata? Me ya rage a rumbu in shekara ta ɓaci? In masu aikin sun kasa ba da amsa da alƙaluma, to riƙe kuɗinka ya fi maka.